Wa zai kwana da yara daren gardi? Yadda na shiga aikin jinya da ƴaƴa huɗu

Ranar da na fara shiga aji a makarantar koyon aikin lafiya, wata yarinya ta miƙe ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗauka ni ce malamar. Shekarata 34 a lokacin, ƴaƴana huɗu, autar ba ta daɗe da yaye ba. A watan Oktoba ne na 2017, nan Damagaram. Rabona da zaman aji tun 2000, shekarar da na samu burbe, wato takardar gama ƙaramar sakandare, aka kuma ɗaura mini aure. Duk tsawon lokacin nan ƙanƙara da lemun tsamiya nake ƙullawa ina sayarwa a gida, a Garin Malam.

Tun da na fara aiki mata ke tare ni, a gidan suna ko wajen awo, su ce, "Yaya, ni ma fa ina so, ta ina zan soma?" Ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kowa zai ce miki gemu ba ya hana ilimi. Haka ne. Sai dai mai gemun nan ba shi da goyo, kuma ba shi ake jira ya tuƙa tuwon dare ba. A cikin matan auren da muka fara tare, waɗanda suka bari ba wuyar darasi ce ta kore su ba, gida ne ya janye su. Don haka zan bi ta kan zancen takardu da sauri, in daɗe a inda aikin yake.

Takardar da ke hannunki ita ke zaɓa miki hanya. In burbe gare ki, kamar ni, karatun ASB za ki yi, shekara 3, ki fito ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko, irin waɗanda ke riƙe da CSI, wato cibiyoyin lafiya na unguwa da karkara, da ƙananan gidajen likita na ƙauye. In kina da bak, takardar gama babbar sakandare, kina iya yin jinya mai babbar takarda ko ungozomancin asibiti, su ma shekara 3 ne. In ba ki da ko ɗaya, ƙofa ba ta rufe ba: ana zana burbe da bak daga gida, kandida libir ake ce wa mai yin haka, kuma akwai darasin dare a gari. Karatun babban likita na Jami'ar André Salifou wata hanya ce daban, doguwa, ba ita nake nufi ba, duk da cewa a nan duk mai farar riga likita ake kiransa.

Makarantar gwamnati ita ce ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta ƙasa, ga kuma masu zaman kansu da yawa. In gasar shiga ta gwamnati za ki yi, fara karanta layin da ya yi maganar shekaru a cikin sanarwar, don irin wannan gasa tana zuwa da iyaka, kuma mu manya a nan ake fara tace mu. In mai zaman kanta ce, kada fentin bango da fanka su ruɗe ki. Ki ce a nuna miki takardar izinin hukuma ta fannin da kike so, ba ta makarantar kawai ba. Ki tambayi ko ɗalibansu suna zana jarrabawar ƙarshe ta ƙasa, wadda ɗaliban gwamnati da na masu zaman kansu ke haɗuwa a kai, don ita ce ke ba takarda daraja. Ki tambayi inda suke kai ɗalibai sitaj, wato koyon aiki a asibiti. Sannan ki nemi wata da ta gama a can ki ji daga bakinta, ba a harabar makarantar ba. Na san wadda ta biya kuɗin shekara guda a wata makaranta kafin ta gano fannin nata ba shi da izini.

Takardun da ake nema sanannu ne: ta haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, ta shaidar zama ƴar ƙasa, kaziye daga kotu, wato takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta ki, takardar binciken likita, hotuna, da kwafin burbe ko bak mai hatimin hukuma. Kaziye wata 3 kawai yake yi, ki bar shi ya zama na ƙarshe. Abin da za ki yi yau ɗin nan shi ne ki buɗe akwati ki jera takardar haihuwarki da ta burbe, ki duba harafi bayan harafi. Ni a ɗaya an rubuta sunan mahaifina da harafi biyu, a ɗayar da guda, gyaran ya ci mini kusan wata biyu na zirga-zirga.

To, yanzu gida.

Kada ki je wa maigida da rabin magana don ya yi saurin amincewa. Mata da yawa cewa suke yi, "Ai ɗan karatu ne, safe zuwa azahar." Ranar da jadawalin gardi, wato kwanan aiki a asibiti, ya fito sai rigima ta tashi, kuma a gaskiya shi ke da gaskiya, don ba a gaya masa ba. Ni na zaunar da Malam bayan isha'i, ya dawo daga shagon ɗinkinsa na kasuwar Dole, na ce, "Malam, shekara uku ne. Akwai daren da zan kwana a asibiti. Zan yi wa maza allura in wanke musu ciwo. Akwai lokacin da za a tura ni ƙauye makonni. Kuma ko na gama, ba lalle in samu albashi nan da nan ba." Ya yi shiru har na ɗauka magana ta mutu. Bayan kwana huɗu ya ce in kira kawuna, shi kuma ya kira yayansa, aka maimaita komai a gabansu. A lokacin na ga kamar ya cika tsawaita abu. Daga baya, ran da ƴan'uwansa suka fara cewa matar wane ba ta kwana a gida, yayan nan nasa ne ya rufe bakin kowa, don da shi aka ƙulla. Tun ran gini ran zane.

Uwar miji kuwa ba sanarwa ake kai mata ba. Na je da goro da sabulu na ce, "Inna, albarka na zo nema." Ta ce, "Ke da girmanki za ki zauna da ƴaƴan cikinki?" Na ce, "In kin sa albarka, Inna." Ta sa, ba da sakin fuska ba, amma ta sa.

In kina da abokiyar zama, ki sani jadawalin gardi bai san ranar girki ba. Ku yi maganar musayar kwana tun kafin a buɗe makaranta, ku biyu, da lalama, kuma duk abin da ta ɗauke miki ki rama mata a fili. Na ga wadda kishiyarta ce ta riƙe mata yara har ta gama, na kuma ga wadda wannan magana ce ta mayar da ita gida a shekara ta biyu.

Kafin ki biya ko dala, ki samu mutum uku da sunansu, waɗanda kika tambaya suka ce to: mai riƙe ƙaramin yaro da rana, mai kwana da yara daren gardi, da wadda za a buga wa waya in ɗayansu ta kasa. "Ai maƙwabta na nan" ba suna ba ne. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Babbar ƴata tana da shekara 15, na ɗora mata komai: wanka, wanki, girki, rarrashi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai da sakamakon zangon farko ya zo na ga yarinyar da ke cikin goman farko ta gangara can ƙasa, sannan na gane ina gina karatuna ne a kan nata. Na ɗauko gwaggon yara daga Mirya, wadda mijinta ya rasu, muka yanka mata abin da za a riƙa ba ta duk wata. Ko ƴar'uwarki ce ciki ɗaya, ki sa mata wani abu a hannu. Taimakon da ba a biya yana gajiya kafin shekara uku.

Sai ruwa. Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane dalilin da ya sa ruwa ya shigo zancen karatu ba. Lokacin zafi famfo kan zo da tsakar dare ko ya ƙi zuwa, ga shi ke kuma yanzu kina da farar rigar da dole kullum ta kasance fes. Na ƙara jarkoki da babbar randa, na sa kuɗin ɗan garuwa a cikin lissafin makaranta kamar kuɗin littafi, na kuma ɗinka riga uku maimakon biyu, tunda telan a gida yake. Na sayi ƙaramar tukunyar gas don kunun safe, na koma yin miya mai yawa ranar Lahadi. Karatuna kuwa daga ƙarfe huɗu na dare ne zuwa kiran asuba, da fitila mai cajin rana. Da daddare na gwada, barci ne ke kwashe ni a kan littafi. Awa ɗaya kafin gari ya waye, ba mai kiran "Mama", ta fi mini awa uku bayan isha'i.

Kuɗin makaranta akan biya shi kashi-kashi, ki ce a rubuta miki ranakun. Amma ba shi ke karya mutum ba, ƙananan ne: kabu-kabu zuwa da dawowa, kwafe-kwafen darasi, rufaffen takalmi, ma'aunin zafin jiki, na'urar tansiyo ta awon hawan jini, agogon hannu mai sandar daƙiƙa. Na shiga adashi na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo a Satumba. Duk shekara kuma muna sayen ɗan rago mu kiwata a sayar gab da layya, shi ke biyan kaso mafi nauyi. Sana'arki kada ki kashe ta, ki rage ta dai. Firjina bai daina aiki ba, gwaggon yara ke miƙa ƙanƙara ta karɓi kuɗi, kuma da wannan na hau babur shekara uku.

Faransancina ya yi tsatsa, naki ma haka za ki tarar. Wata uku kafin a buɗe, na karɓi littafin ilimin halittu na ƴata ina karantawa da ƙarfi, ɗana na biyu yana yi mini shifta yana dariyar kurakuraina. Kunya ba ta da amfani a nan. Abin da ya fi Faransanci muhimmanci shi ne ɗan lissafi, don da shi ake ceton rai, da shi kuma ake kashewa. Misali ƙarin ruwa: a igiyar da aka saba amfani da ita, ɗigo 20 ne mililita ɗaya. In aka ce leda mai mililita 500 ta shiga cikin awa 4, sai ki ninka awannin sau 3, ki raba 500 da 12, ki samu kusan ɗigo 42 a minti. Ko farasitamol na yara: miligiram 15 ne ga kowane kilo, yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 150. Wadda ta shekara 17 tana lissafin canjin ƙanƙara ba wannan zai gagare ta ba. Waƙafi ne abin tsoro, in ya gusa wuri ɗaya magani ya ninku sau goma. Har gobe in na lissafa na yaro sai na sa wani ya sake dubawa.

Ki ajiye ƙaramin littafi a aljihun riga, ki raba kowane shafi uku: kalmar Faransanci, ma'anarta, da abin da mutane ke faɗa da bakinsu. Uwa ba za ta ce miki jikin yaro ya rasa ruwa ba, cewa za ta yi maɗigarsa ta faɗa. Ba za ta ce gudawa ta yi tsanani ba, cewa za ta yi haƙora ne. Za ki ji shawara, ki ji tamowa, ki ji an kai shi wajen wanzami an cire beli shekaranjiya. A nan ne shekarunki ke zama jari. Yaran ajinmu sun fi ni saurin hadda nesa ba kusa ba, amma in aka shiga ɗakin yara, ni uwa ke ja gefe ta gaya wa jiƙon da ta ba yaro kafin ta kawo shi, don ta ga alamar na san zafin naƙuda kuma ba zan yi mata tsawa ba.

Shekarun nan kuma suna da nasu tarko. Wai don na raini huɗu na ɗauka na san yara. Dukansu na ba su ruwa tun suna jarirai, saboda zafin garin nan, sai ga shi a aji ana cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Na yi gardama a zuciyata kwana da kwanaki kafin na sauko. Abin da kika sani na gida ki riƙe shi don fahimtar mutane, amma a gaban gado abin da aka koya miki za ki yi. Haka nan za ki samu majo, shugabar ma'aikatan wurin, wadda kin girme ta da shekara goma, ta gyara miki kuskure a gaban majinyata da murya sama. Ta taɓa faruwa da ni a wani CSI, kan na manta ban rubuta lokacin da na yi allura ba. Na shiga bayan ɗaki na share hawaye na dawo na ce, "Na gode, Majo." Muryar ba ta yi mini daɗi ba, amma gaskiyarta ce, allurar da ba a rubuta ba wani na iya zuwa ya maimaita ta.

Sitaj shi ne ainihin makarantar. In ya faɗo miki a damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ki ɗaura ɗamara, lokacin ne masassarar cizon sauro da tamowa ke haɗuwa su cika ɗakin yara. A nan hannu ke faɗawa. Za ki koyi ƙirga numfashin yaro minti ɗaya cur kina kallon agogo: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk alamar numfashi ya yi sauri ke nan. Za ki koyi zagaya ma'aunin damtse, in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Za ki koyi yi wa uwa bayani cewa biskit ɗin tamowa da aka ba ta magani ne na yaro ɗaya, ba abin rabawa ƴan gida ba, ba tare da kin ci mata fuska ba, tunda kin san abin da ya sa take rabawa. Kada ki laɓe a bayan ƴan mata. In aka ce wa zai sa allurar jijiya, ki ce ni.

Daren gardi, ki yi girkin dare tun da rana, ki gaya wa ƙaramin yaro gaskiya cewa sai da safe, kada ki sulale. Autata ta yi mako biyu tana kwana da ɗankwalina a hannu, daga baya ta saba. In kin sauko da safe ki samu ko awa biyu ki kwanta, a gaya wa masu sallama ba kya nan. Wannan ma sai an yi yarjejeniya a kansa, don a idon mutane macen da ke kwance da hantsi raggo ce.

Akwai abin da mai ƴaƴa za ta kula da shi fiye da budurwa: kada ki kwaso ciwo ki kai gida. Wanzami ba ya son jarfa, ma'aikatan lafiya da yawa ba su yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba. Ke ki yi, allura uku ce, ki fara kafin sitaj na farko. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, kai tsaye cikin kwalin zubarwa. In ta soke ki, ki wanke wurin ki gaya wa babba a take, don maganin kariya daga ƙanjamau ba ya jiran fiye da awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Rigar aiki a leda take dawowa, bokitinta daban, da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Na hana yara rungume ni sai na yi wanka, suka yi ta fushi har suka haƙura. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a jihar nan a ƙarshen 2022, da mashaƙon da ya biyo baya a 2023 ta wajen Matamai, na gode wa Allah da wannan ɗabi'a ta riga ta zauna, katin rigakafin yarana kuma a cike yake.

Zancen ciki a tsakiyar karatu, ku yi shi da maigida tun farko, ku je wajen tazarar haihuwa tare in zai yarda. Ana iya gamawa da ciki, na ga waɗanda suka yi, amma sitaj ɗin da kika rasa sai kin rama shi.

Sitaj na ƙauye ni ta wajen Magarya aka tura ni. Ki tafi da gidan sauro, tabarma, tocila da cajar rana, ki bar wa mai riƙon yara kuɗin cefane a ƙulle mako-mako, ba dunƙule ba. A can na fara karɓar haihuwa da hasken tocila a baki. Shekararmu ta ƙarshe kuma korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, komai ya ja baya, sai daga baya muka zana jarrabawa. Ki sa a ranki shekara ukun nan na iya ɗan ɗorawa, kada ki yi wa kowa alkawarin rana.

Takarda ba ta zuwa da albashi a naɗe. Yawancinmu da aikin sa kai muke farawa a wani CSI, benebol, don kada hannu ya mutu kuma a san fuskarki. Ki yanka wa kanki wa'adi, in ba haka ba sai ki shekara biyar kina aikin lada da kuɗin babur daga aljihunki. Ki riƙa sa ido a kan kamfen na rigakafi da na rabon maganin masassara ga yara a damina, ana biyan kwanakin aiki. Akwai asibitoci masu zaman kansu a gari, akwai ƙungiyoyi irin su MSF, ƙungiyar likitoci masu agaji, da ke aikin yara a Magarya. Ɗaukar gwamnati ita ma tana duba shekaru, kuma in ta ɗauke ki tana iya jefa ki Tanut ko Gure ko Tesker, wannan ma magana ce da za a koma gaban Malam da ita. Ni na yi wata tara ina benebol kafin na samu kwantiragi a cikin gari.

Tun kina shekarar farko unguwa za ta naɗa ki likita. Za a ƙwanƙwasa ƙofa da sha biyun dare da kwalbar allurar da aka sayo a tebur, a ce, "Maman yara, taimaka ki yi masa." Kada ki fara. Ki auna zafin jiki, ki duba yaro, in ya kama ki sa hijabi ki raka su asibiti, amma allurar da babu takardar likita ba a gidanki ba. Za a ce kin yi girman kai, na sha ji. Mutum ɗaya ce nake dubawa a gida, Inna, duk Juma'a bayan la'asar nake zuwa in auna mata tansiyo. In ya yi daidai ta ce albarkar da ta sa mini ce, in ya hau ta ce na'urar tawa ce ta lalace.